Danjar da Ba Ta Kama Ba

Ranar Talata da hantsi mai gyaran bodi ya turo motar Auta zuwa rumfar Injiniya. An miƙe but ɗin da ya lotse, an sa sabuwar bamba, an fesa fenti har tana ɗaukar ido. Abin da ya rage ramuka biyu ne a baya inda fitilu za su zauna, wayoyi na reto a cikinsu. Wannan kuwa aikin Injiniya ne.

Ba wata makarantar injiniyoyi ya yi ba. Shekara ashirin da shida ya yi yana bin wayoyin mota, har direbobi suka laƙaba masa sunan, ya bi shi. Auta ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ma'aikaciyar jinya. Tun da ta sayi tsohuwar motar nan mai giyar hannu, ko ƙwan fitila ba ta taɓa bari wani ya canza mata ba sai shi.

Sati bakwai da suka wuce ta ɗauko 'ya'yanta biyu daga makaranta. A wata mararraba wani mai keke ya gitta mata, ta taka birki, motar burodi da ke bin ta ta daki bayanta. Wuyanta ya bugu, har yanzu da abin tallafe wuya take yawo. Ƙaramar 'yarta ta karye a hannu. A barandar asibiti direban motar burodin, wani dattijo siriri mai furfura a gemu, ya tsaya yana ta rantse-rantse.

"Wallahi danjarta ba ta kama ba. Wallahi ban ga ja ba."

Injiniya bai san lokacin da ya ci kwalarsa ba. Ya sharara masa mari a gaban jama'a, har hularsa ta faɗi.

"Ni nake duba motar nan! Ni za ka gaya wa danja?"

Fitilun sun tarwatse a haɗarin, babu abin da za a gwada. 'Yan sanda suka rubuta cewa direba bai ba da tazara ba, suka riƙe lasisinsa. Gidan burodi suka sallame shi a satin. A dangin su Injiniya kuwa, duk inda aka zauna sai an tsine wa tsohon banzan da ya kusa kashe Auta, ya kuma zo yana ƙarya.

Mijin Auta, wanda kowa ke kira Hedimasta, shi ya kawo sababbin fitilun a kwali. Injiniya ya ɗaura su cikin 'yan mintoci, ya goge hannu.

"Malam, shiga ka zauna. In na ce taka, ka taka."

Hedimasta ya tattare rigarsa ya shiga. "Yau kuma ni ne ɗalibi."

"Mu gani ko kana jin magana. Kunna ƙananan fitilu."

Suka kama. Sigina ta dama ta yi ƙyafta-ƙyafta, ta hagu ma haka. Aka sa ribas, farar fitila ta haska.

"To, taka birki."

"Na taka."

"Taka mana, ba ƙwai ne a ƙarƙashin ba."

"Yaya, ƙafata har ƙasa."

Injiniya ya kare rana da tafin hannu ya leƙa. Babu ko alama. Bai damu ba. Kayan yanzu, sabo ma yakan zo a mace. Ya zare ƙwan, ya ɗora shi kan batir da 'yar waya, ya kama tar. Na ɗaya ɓangaren ma haka. Ya zagaya gaba ya buɗe akwatin fiyus, ya zaro na birki ya ɗaga shi sama. Lafiyarsa ƙalau. Ya ɗauko fitilar gwaji, ya maƙala bakinta a ƙarfen mota, ya taɓa fiyus ɗin da tsinin, ta haska. Wuta tana nan ke nan. Ya koma baya ya cusa tsinin cikin soket.

"Taka. Saki. Taka."

Shiru. Wuta na fita daga fiyus, amma ba ta isa baya.

"Dukan da ta sha ne ya tsinka wata waya," in ji shi. "Yanzu zan kamo ta."

Ya yaye kafet ɗin but, ya bi damin wayoyin da yatsa, ya cire kujerar baya, ya bi ta gefen ƙofa har gaba. Sama da rabin awa yana wannan, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Babu inda ta tsinke, babu inda ta goge. Wuri ɗaya kaɗai ya rage. A saman fedar birki, can ƙarƙashin sitiyari, akwai ɗan makunni da bai fi babban yatsa ba. In an taka feda shi ke sakin wuta ta tafi danja, in an ɗaga ƙafa ya yanke ta.

"Fito, Malam, zan shiga ƙasa."

Ya tura kujera baya, ya kwanta rigingine, kafaɗunsa a kan tabarmar mota, ƙafafunsa a waje, ƙaramar tocila a baki. Ya ɗaga kai ya haska.

Makunnin yana nan a mazauninsa, amma babu komai a jikinsa. An zare soket ɗinsa, an lanƙwasa wayar baya, an ɗaure ta a jikin wani ƙarfe da tef mai ruwan ɗorawa. Zagaye uku, sannan an ninke bakin tef ɗin ya yi ɗan kunne, don a ji daɗin warewa. Duk layin masu gyaran nan mutum ɗaya ne ke yin wannan kunnen. Mutum ɗaya ne kuma ke amfani da ruwan ɗorawa, don ya riƙa gane aikin da bai gama ba.

Tocilar ta suɓuce daga bakinsa ta buge shi a ƙashin wuya. Bai ji ba. Ya kai yatsa ya shafa tef ɗin. Ƙura ta yi masa kauri, gefensa har ya fara bushewa. Wannan ba ɗaurin sati bakwai ba ne.

Sai abin ya dawo masa gaba ɗaya, kamar an watsa masa ruwan sanyi. Wata biyar ke nan. Auta ta zo da sassafe cikin fararen kaya, tana mita cewa kwana uku a jere sai an tura ta, batir na kwana ya mutu. Yana zagayawa baya ya ga danja a kunne alhali mota a kashe. Ya leƙa ƙasa ya tarar 'yar robar da ke jikin feda, wadda ke danne makunnin, ta rududduge, ɓarɓashinta a kan tabarma. Ba shi da irinta a rumfa, ita kuma ta makara. Ya zare soket ɗin don batir ya huta, ya ɗaure. Tana kan waya da wata abokiyar aikinta lokacin da ya ce, "Je ki, zan biyo gida da yamma in ƙarasa." Ta ɗaga masa hannu ta ja mota.

Bai biya ba.

Yana kwance a wurin ya shiga lalube a ransa, ko akwai abin da ya faru ran nan. Rashin lafiya, ko rasuwa, ko wata gobara, wani abu dai da zai ce shi ya ɗauke masa hankali. Babu. Rana ce kamar kowace rana. Wata bas ta zo da wayoyi a ƙone, ya yi ta fama da ita, ya tashi ya tafi gida ya ci abinci ya yi barci. Da motar otomatik ce, da giya ma ba za ta shiga ba, da a take an gane. Amma wannan ta tashi lafiya, ta tafi lafiya. Wata uku da 'yan kwanaki ƙanwarsa na yawo a titi da yara biyu a kujerar baya, duk birkin da ta taka babu wanda ke bayanta da ya sani.

"Yaya? Barci ka yi a ciki?"

Ya jawo jikinsa ya fito. Ya dafa ƙofa ya miƙe. Ya wuce cikin rumfa, ya jawo gwangwanin da yake tara fiyus da ƙananan kusoshi, ya juye shi a kan tebur. Ga ta nan. 'Yar farar roba kamar maɓallin riga, a cikin ledarta, ko buɗewa ba a yi ba. Ashe har sayowa ya yi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce, muryarsa kamar ba tasa ba.

Hedimasta ya biyo shi. "Lafiya? Wuta ce ta ja ka?"

"Mutumin nan gaskiya ya faɗa."

"Wane mutum?"

"Mai burodi. Danjar ba ta kama ba. Ba yadda za a yi ta kama. Ni na cire ta da hannuna."

Hedimasta ya yi 'yar dariya, irin ta wanda bai gane wasan ba. Da ya ga fuskar Injiniya, dariyar ta tsaya. Injiniya ya kama hannunsa ya kai shi mota, ya sa shi ya durƙusa da fararen kayansa, ya haska masa. Ya yi masa bayani tun daga farko. Hedimasta ya daɗe a durƙushe. Sannan ya miƙe.

"Ni ma na tuƙa motar nan," ya ce a hankali. "Na kai su gidan Hajiyarmu a cikinta, a babban titi, manyan motoci na bin mu a baya."

Ya zauna a kan benci, ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa. Can ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Wa ya gani ban da ni?"

"Babu."

"To mayar da soket ɗin. Sa robar. Magana ta mutu a nan."

"Malam!"

"Saurare ni, Yaya. An riga an rubuta, an rufe. Ka san abin da zai biyo baya? Sunanka a layin nan ya gama lalacewa. Ƙanwarka kuma, da wane ido za ta dube ka? Mutumin nan ko da danja ko babu, ai ya matso ta da yawa. Ka rufa mana asiri, ka rufa wa kanka."

Injiniya ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa. Wannan ne mutumin da ke tsayawa gaban ɗalibai kowace safiya yana yi musu faɗa a kan ƙarya. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne, hannunsa har ya kai ga ledar robar. Aikin minti biyu ne. Ya janye hannun kamar ya taɓa garwashi.

"Na mari mutumin nan," ya ce. "Ya girme ni. Na mare shi a gaban mutane saboda ya faɗi gaskiya."

Ya ciro waya ya ɗauki hoton ɗaurin yadda yake, ya kulle motar, ya sa makullin a aljihu.

Sun tarar da Auta a falo, ta jingina da filo, ƙaramar 'yar na zaune a ƙasa tana zane da hannun hagu, na daman a cikin filasta. Yarinyar ta tashi da gudu. "Kawu! An gyara motarmu?" Ya shafa kanta. Hedimasta ya ja ta suka shiga ciki.

Injiniya bai zauna a kujera ba. Ya tsuguna a gaban ƙanwarsa, abin da bai taɓa yi ba, ya faɗa mata. Ba ta iya juya wuya, don haka ta juyo da jikinta gaba ɗaya ta fuskance shi.

"Ban gane ba. Wani ne ya cire?"

"Ni ne."

"A'a, Yaya. Ran nan ai gyarawa ka yi. Ka ce in tafi."

"Na ce zan biyo da yamma."

"Ban ji ba." Ta zuba masa ido. "To da ban ji ba, kai ai ka sani. Washegari fa? Jibi fa? Sau nawa na zo rumfarka bayan nan? Har ruwan batir ka ƙara mini!"

"Na manta, Auta."

"Ka manta."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta sa hannu ta taɓa abin wuyanta, ta dubi ƙofar da 'yarta ta shiga.

"Kullum in na yi salla sai na kai ƙarar bawan Allahn nan," ta ce. "Sati bakwai. Ashe yayana nake nema." Ta rufe ido. "Tashi ka je wajen direban. Kada ka sake zuwa nan sai ka je."

A gidan burodi aka yi masa kwatance. Bayan la'asar ya sami gidan, ɗaki biyu a ƙarshen wani lungu. Dattijon na zaune a ƙofa a kan kujerar roba, yana gyara wata tsohuwar rediyo. Yana ganin Injiniya ya miƙe zumbur, ya ja da baya har ya bugi bango.

"Ban zo da faɗa ba, Baba. Don Allah zauna."

Ya durƙusa a ƙasa, ya miƙa masa wayar da hoton, ya yi bayani. Dattijon ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, ya matso da ita, ya sake nesanta ta. Bakinsa a buɗe.

"Kana nufin ba ta kama ba?"

"Ba ta kama ba."

"Da gaske ba ta kama ba?"

"Ko sau ɗaya, Baba. Wata uku."

Dattijon ya koma kan kujera daɓas. Sai hawaye, shar, ba sauti. Ya ɗaga murya ya kira matarsa. "Fito ki ji! Fito ki ji, ba idona ba ne!"

Matar ta leƙo daga bayan labule, ta dubi Injiniya sama da ƙasa, ba ta amsa gaisuwarsa ba.

"Shekara talatin da huɗu ina tuƙi," in ji dattijon, yana share fuska da hannun riga. "Ban taɓa taka ko kaza ba. Da kowa ya ce ƙarya nake, har 'ya'yana suka fara cewa Baba ko dai tsufa ne, sai na yarda. Sau biyu na je aka duba mini ido. Likita ya ce lafiya lau, na ce bai iya aiki ba. Ko titi zan tsallaka sai na tsaya ina kallon bayan motoci, ina tambayar kaina, wannan ja ne ko ba ja ba? Na ce ko sun ba ni lasisin ba zan ƙara taɓa sitiyari ba, kada in kashe 'ya'yan mutane."

Injiniya ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shi aiki da lasisi kawai ya zo yana tunani. Bai taɓa kawowa a ransa cewa ya raba mutum da yarda da idonsa ba.

"Ka yafe mini, Baba."

Dattijon ya daɗe yana kallon rediyon da ke cinyarsa.

"Ta danja na yafe. Ɗan Adam ne kai, kowa na mantuwa. Marin ne ban sani ba tukuna. Ɗana na tsaye a wurin."

Washegari Injiniya da dattijon suka tafi ofishin 'yan sanda tare, Auta ma ta sa Hedimasta ya kai ta. Jami'in da ya rubuta rahoton ya saurara, ya bi su har rumfa, ya durƙusa ya leƙa da kansa. Da ya miƙe ya kaɗe gwiwa, ya dubi Injiniya.

"Shekarata goma sha tara a aikin nan, ban taɓa ganin wanda ya kawo kansa ba. Kai ko mahaukaci ne, ko kuwa ban san me zan kira ka ba."

Ya ce tazara dai tazara ce, ba za a wanke direba tas ba, amma ya gyara rahoton, ya rubuta sunan Injiniya a ciki, aka mayar wa dattijon lasisinsa a satin. Gidan burodi suka ce sun riga sun ɗauki wani. Sai bayan wata guda ya samu aiki a wani gidan bulo, mota mai nauyi, hanya mai nisa.

Labari ya zaga layin masu gyara kafin azahar. Wasu suka ce ya kyauta, wasu suka ce wauta ce, masu motoci da dama kuma suka koma rumfar gaba ba tare da sun ce komai ba. Hedimasta ya aiko aka ja motar zuwa wajen wani, can aka sa robar.

Injiniya ya rufe rumfa kwana uku. Ya zauna da wayarsa yana bin lambobi ɗaya bayan ɗaya, yana kiran duk wanda ya tuna ya taɓa ce wa "je ka dawo in ƙarasa". Mota goma sha ɗaya suka zo. Ya shiga ƙarƙashin kowace da tocila. A ta bakwai, motar wata mai sayar da yadi, ya tarar da fankar injin a haɗe kai tsaye babu fiyus, wayar har ta fara narkewa. A ta goma ya tarar da hon a cire. Ya gyara su a take, masu motocin na tsaye.

An cire wa yarinyar filasta a ƙarshen watan, hannun ya haɗe daidai. Auta ta koma aiki. In ya je gidan takan gaishe shi, ta kawo masa ruwa, ta tambayi iyali, sannan ta tashi ta shiga ciki ta bar shi da yara. Bai yi ƙorafi ba, bai kuma daina zuwa ba.